Ranar da Surukina Ya Shaƙe Ni

A bayan Lugbe, in ka bar titin filin jirgi ka bi hanyar da tifofi suka farfasa, akwai wani ƙaton rami da masu fasa dutse suka bari. Dutsen da suka kwashe daga nan shi ya zama benaye da gadoji a cikin gari, a shekarun nan na farar hula da kuɗi suka yawaita, lokacin da za ka kwana da gonar doya a bayan gidanka ka tashi ka tarar ana haƙa harsashin gini. Da masu dutsen suka gama suka tafi, damina ta cika ramin, ya zama tafki mai koren ruwa, ga sanyi ga zurfi. Wani direban tifa mai barkwanci ya zo ya juye yashi a gefe guda, sai mutane suka sa wa wurin suna Bakin Teku. Mu da muka yi aiki a Ikko kafin a kwaso ma'aikatu zuwa Abuja mun ga teku da idonmu, mun san wannan ko ƙanwarta bai kai ba, amma muka bar mutane da sunansu.

Asabar da Lahadi wurin cika yake yi. Masu tsire, masu hoto, samari da rediyo, iyalai da tabarmi da kulolin shinkafa. Akasarinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, shi kuwa ramin dutse ba ya gangarawa a hankali kamar kogi. Yanzu kana taka yashi, taku na gaba babu ƙasa. Bayan ruwan ya ci wasu samari a wani bikin Kirsimeti, mu da muka iya iyo a unguwar muka haɗu muka ce ba za mu zauna jiran hukuma ba. Haka ƙungiyarmu ta masu tsaron ruwa ta samu. Ba albashi, ba ofis. Kayan aikinmu igiya ne da jarkokin man gyaɗa da muke jefa wa mutum ya riƙe, sai usur da jar hula ga wanda ya ci jarrabawa. Ranar Sallah Kiristocinmu ke tsaro, ranar Kirsimeti mu Musulmi, ba wanda ya taɓa zama ya tsara haka, kawai abin da aka saba ke nan.

Shugabarmu wata malamar wasannin motsa jiki ce 'yar Filato, gajera, mai murya kamar lasifika. A kududdufan kuza na ƙasarsu ta koyi ruwa. Kyaftin muke ce mata. Hausarta irin ta Abuja ce, namiji da mace duk ɗaya suke a bakinta, amma ban taɓa ganin wanda ya ce bai gane umarninta ba.

Ni kuwa mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka binne cibiyata, na iya ruwa tun kafin in iya ɗaura wando. Zaman ofis da tuwon Hajiya, maiɗakina, suka ƙara mini abin da suka ƙara, har na zama mafi nauyi a ƙungiyar. Saboda haka aka ba ni muƙamin da nake tinƙaho da shi har gobe: ni ne mai nutsewa.

Ga yadda abin yake. Duk shekara in damina ta ɗauke, muna yin taron da muke kira ranar usur. Kyaftin za ta hau wani dutse a bakin ruwa ta ba jama'a labarin shekara. Ta faɗi saniyar Fulanin da ta zame muka jawo ta da igiya, ta faɗi angon da mai hoto ya yi ta ce masa ya ƙara ja da baya har ya ja da babbar rigarsa zuwa cikin ruwa. Shekarar da samarinmu suka je Ikko gasar masu ceto a teku ta gaske, ta ba da labarin yadda igiyar ruwa ta yi ta watso su waje kamar wanki, amma duk da haka suka dawo da ɗan ƙaramin kofi na jan igiya, wanda muka ajiye a teburin mai shayi don kowa ya gani. In ta gama, sai jarrabawa. Ni zan yi iyo zuwa tsakiyar tafkin in fara dukan ruwa ina ihu, mai neman usur ya biyo ni hannu rabbana, ba jarka ba igiya. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, to ni haka nake yi. In cafke wuya, in hau kafaɗa, in danna mutum ƙasa da duk nauyin da Allah ya ba ni. Aikinsa ya suɓuce, ya zagayo ta bayana, ya saƙalo ni ya ja ni har yashi. A can Kyaftin za ta tambaye ni a gaban kowa: ya fito da kai, ko ka fito da kanka? Amsata ita ce hukunci.

Ni da bakina na kafa dokar cewa ba mai rataya usur sai ya fito da ni. Ba canji, ba alfarma, domin ruwa ba ya bari ka zaɓi wanda za ka ceta. Ranar da na faɗi haka har tafi aka yi mini, na koma gida ina jin kaina.

Sai ga maganar surukina, mijin 'yata ta fari. Bakano ne, akanta a wata hukuma, dogo siriri mai tabarau. Ruwan da ya sani a duniya na randa ne da na famfo. Yaro ne mai kunya irin ta mutanen da: tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, bai taɓa haɗa ido da ni ba, in na shigo yana cin abinci to ya ƙoshi ke nan. Ni ma ina kiyaye tawa. Ban taɓa zama a gabansa ba hula ba, balle ya ga tumbina.

Daminar da aka haifi jikata, aka yi wani ruwa tun daga asuba har hantsi. Unguwar da suke haya sabuwa ce, an gina ta a kan hanyar ruwa kamar yadda aka gina rabin Lugbe a lokacin, ruwan kuwa ya zo neman hanyarsa. Muka isa da igiya ni da mutanenmu. Na ɗauko jaririyar a cikin baho a kaina, 'yata na riƙe da igiya a bayana. Da muka zo fita na hango shi a bakin ƙofa, ruwa har ƙirji, ya rungume ƙarfen get da hannu biyu, ya kasa gaba ya kasa baya. Yana kallon matarsa da 'yarsa suna wucewa a hannun wani. Na kawar da kai kamar ban gan shi ba, wani daga cikinmu ya koma ya ɗauko shi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, sai katifu da talabijin.

Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga shi a Bakin Teku da sabon gajeren wando, ko takardar kanti bai cire ba. Ya je ya tsaya a layin masu koyo. Na gane abin da ya kawo shi, kuma ya burge ni ƙwarai, amma ba maganar da suruki zai yi wa suruki ba ce. Abin da na iya yi shi ne, duk ranar da yake koyo sai in ɗauki tsaron can ɗaya gefen, bayan duwatsu, inda ba zai gan ni da singileti ba. Daga can nake leƙensa. Ya sha ruwan tafkin nan har na ce zai rage mana zurfinsa. Kyaftin ta yi ta masa tsawa, shi kuwa ya yi ta cewa to. Sannu a hankali ƙafafun nan dogaye suka gane aikinsu. Kafin shekara ta zagayo yana ratsa tafkin ya dawo ba ya haki, ya fito da duk wanda aka ba shi a wajen gwaji, har da wani makanike da ya kusa kai ni nauyi.

Ba wanda ya tuna da dokata sai ana gobe ranar usur. Ni ma sai da Hajiya ta tambaye ni tana dariya wa zai nutse wa yaron nan gobe, sannan na tuna da ita.

Washegari na shiga ruwa tun kafin a kira shi, don kada ya gan ni a tsaye. Na isa tsakiya na fara dukan ruwa, amma ihun ya ƙi fita yadda ya saba. Aka busa masa usur, ya taho da kyau, hannu na bin hannu, ba gaggawa. Da ya rage kamar tsawon tabarma tsakaninmu sai ya tsaya cak yana taka ruwa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ruwan.

"Salamu alaikum, Baba."

Me zan yi? An yi mini sallama. Na daina dukan ruwan na amsa.

"Sannu da ruwa, Baba."

"Yawwa, sannu kadai. Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka."

"Ya mai jikin? Na ji an ce haƙori take fitarwa."

"Da sauƙi, Baba."

Ruwa na kai magana nesa, duk wanda ke bakin yashi ya ji mu. Muryar Kyaftin ta ratso tafkin: "Oga Alhaji, kai mutuwa kake yi ko kana karɓan baƙi? Kama shi mana. Kai kuma akanta, wannan ba baban matanka ba ne yanzu, kaya ne, ɗauko shi."

Yaron nan ya ɗan matso, idonsa na kan ruwa, ya ce, "Baba, in ba damuwa, ko za ka ɗan juya?" Ni kuma na juya. Ya kama gefen singiletina da yatsu biyu, muka yi iyo tare gefe da gefe har bakin gaɓa, ni ina rage sauri don kada in riga shi isa. Mutane sun yi dariya har wani mai tsire ya zauna a ƙasa. Kyaftin ta tsaya a kaina hannu a ƙugu ta yi tambayarta. Ba ni da abin ɓoyewa, na ce na fito da kaina.

Shekarar nan kaf, in 'yan ƙungiya suka haɗu ko a kasuwa ne, gaisuwarsu ita ce sannu da ruwa, ya mutanen gidan. Surukina yakan yi murmushi tare da su, bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya. Amma wanda ba shi da usur ba a ba shi tsaro, sai naɗe igiya da wanke jarkoki, ga waɗanda ya fi su iya ruwa suna yawo da jar hula. Abin da ya fi damuna shi ne abin da 'yata ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya mini. Ta ce da damina ta dawo, ko hadari ya haɗu sai ya kasa zama, ya yi ta leƙa taga, ya ɗauki yarinyar ya ajiye. Ta ce masa ai yanzu ya iya ruwa. Ya ce iya ruwa daban, fito da mutum daban, shi har yanzu bai san ko zai iya riƙe wanda ke faɗa da shi ba.

Kyaftin ta nemi mafita. Ta ce a wannan karon kaɗai a bar makaniken nan ya nutse masa. Na yi farin ciki, na ce ai doka don mutane aka yi ta. Da aka gaya wa yaron, sai ya ƙi. Ya ce in aka canza masa, usur ɗin na surukuta ne, ba nasa ba, gara ya ci gaba da wanke jarka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na kafa dokar, ga ta ta dawo kaina. Na ji haushinsa, na kuma ji ya ƙara girma a idona.

Hajiya ce ta warware mini, muna zaune tana gyaran zogale. Ta ce, "Alhaji, laifin ba na yaron nan ba ne. Ta yaya zai ɗora hannu a wuyanka kana tambayarsa haƙorin 'yarsa? Kai ne babba, kai za ka fara ajiye kunyar."

Na ce, "Wato so kike in danne mijin 'yarki a ruwa a gaban jama'a."

Ta ce, "In kana ƙaunarsa ka danne shi da kyau." Ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Ranar usur ta sake zagayowa. Jama'a sun fi na kullum, don labari ya bazu har Orozo, can ɗaya gefen Abuja, kowa ya zo kallon gaisuwa. Kyaftin ta hau dutsenta ta ba da labarin shekara, ta ce damina ta wuce ba mu rasa ko mutum ɗaya ba, aka yi tafi. Ni hankalina ba ya wurin. Na hango 'yata a can baya ƙarƙashin laima, jikata a cinyarta. Ba ta taɓa zuwa Bakin Teku ba sai ranar.

Wannan karon ban ɓuya ba. Na tuɓe kaftanina a gaban kowa, na cire hula na miƙa wa mai shayi, na taka zuwa ruwa da tumbina a gaba. Na isa tsakiya na kurma ihun da ko a Yawuri ban taɓa yin irinsa ba. Aka busa, ya taho. Na ga ya fara rage sauri, na ga kan ya fara sunkuyawa, bakin ya buɗe zai yi sallama. Ban bari ta fito ba. Na yi kukan kura na faɗa masa, na cafke wuyansa da hannu biyu, na hau kafaɗarsa na danna shi ƙasa. Allah ya yafe mini, har gwiwa na sa masa a baya.

Muka nutse tare. Ruwan ramin nan ƙasansa sanyi ne kamar na randa, ga duhu. Na ji shi a ƙarƙashina bai motsa ba, jikinsa ya saki, kamar ya gwammace ruwa ya ci shi da ya ture ni. Tsoro ya kama ni na gaske. Na ce shi ke nan, na kashe wa 'yata miji da hannuna a gabanta. Saura kaɗan in sake shi in jawo shi sama da kaina, sai na ji ya dunƙule. Ya yi ƙasa maimakon sama, yadda ake koya musu, don mai nutsewa ba ya bin mutum ƙasa. Ya suɓuce daga hannuna kamar tarwaɗa. Na taso sama ina waige, ban gan shi ba. Sai kawai na ji wani dogon hannu ya zagayo ta bayana ya maƙale wuyana da ƙirjina.

Ban ba shi da sauƙi ba. Na kai masa gwiwar hannu, na yi birgima, na nemi gashin kansa. Hannun ya ƙara matsewa har na ga taurari da rana tsaka. Sannan ya sa baki a kunnena, da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, ya ce, "Kwanta. Na ce ka kwanta, Alhaji."

Na kwanta.

Ya ja ni a rigingine, kaina a kafaɗarsa, ƙafafunsa na aiki a ƙarƙashinmu ba tsayawa. Ina kallon sama, wani jirgi na sauka filin jirgi da ƙafafunsa a waje. Mutane da yawa sun ja ni a tafkin nan, kullum ina lura da kuskurensu, amma ranar ban lura da komai ba. Abin da ke raina shi ne ni na fara tsufa, gwiwoyina sun fara ba ni labari, ba kowace damina zan iya ɗaukar baho a kai ba. Ga shi kuwa hannun da 'yata da jikata ke ciki ya riƙe ni ya ƙi saki. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa, na gode Allah da fuskata a jiƙe take.

Ya jawo ni har kan yashi, bai sake ni ba sai da bayana ya taɓa ƙasa. Kyaftin ta zo ta tsaya a kaina.

"Oga Alhaji, ya fito da kai, ko ka fito da kanka?"

Na buɗe baki, murya ta ƙi. Maƙogwaron ya shaƙe. Na yi tari, na sake gwadawa, abin da ya fito kamar kukan agwagwa: "Ya fito da ni."

Wurin ya kaure da tafi da guɗa, masu usur suka yi ta busawa, mai shayi na kaɗa hulata a sama. Na waiga in ga gwanin, sai na tarar ya riga ya durƙusa a yashi can gefe, kai a ƙasa, ruwa na ɗiga daga hancinsa. Kunyar ta dawo masa gaba ɗaya tun kafin jikinsa ya bushe.

"Baba, don Allah ka yafe mini."

Na so in ce masa abubuwa da yawa, amma ga jama'a, ga wuya ba murya. Na ce, "Allah ya yi maka albarka," na nuna wa Kyaftin shi da hannu. A durƙushe ta rataya masa usur ɗin, ta kifa masa jar hula a kai, ta ce ya tashi haka nan, ya je matarsa na jiransa. Na ga 'yata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka.

Kashegari wuyana ya ƙi juyawa, ga wani baƙin shaci ya kwanta daga ƙarƙashin kunne har maƙogwaro. Ranar Litinin Hajiya ta ɗauko mini rawani ta ce in naɗa in rufe, kada a ce a gida aka yi mini. Na ce ta mayar. Na zaɓi kaftanin da ya fi kowanne buɗaɗɗen wuya na tafi ofis. Ban kai ga teburina ba daraktanmu ya tare ni a baranda, ya ƙura wa wurin ido.

"Subhanallahi, Alhaji, wa ya yi maka wannan?"

Na ce, "Surukina ne, ranka ya daɗe. Samu wuri ka zauna in ba ka labari."